Tarihin Kayan Ɗaukar Fim da Nauyin da Suka Ɗora wa Muhalli

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sana'ar fim tun daga lokacin da kyamarar lantarki ta ture zaren fim, watau wai yanzu sana'ar ta tsarkaka: ba sauran wankin fim, ba sauran ruwan magunguna da ake malalarwa cikin kogi, ba sauran gobarar ɗakin majigi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin kayan da aka yi ta ɗaukar fim da su tun daga shekarar 1889, a ga abin da kowannensu ya ci daga ƙasa da abin da ya mayar mata. Abin da nake son nunawa shi ne, duk lokacin da aka sauya kayan aiki, ƙazantar ƙaura take yi zuwa inda idon mai fim ba ya kaiwa, kuma babbar fa'idar da kyamarar zamani ta kawo wa muhalli tana cikin iya ganinta da ɗan ƙaramin haske. Galibin labarin ya faru ne a Amurka da Turai, can kuwa za mu bar shi, sai dai a wuraren da ya ratso ta ƙasarmu.

Abin da aka yi zaren farko da shi

Robar da aka fara yin zaren fim da ita, wadda Turawa ke kira salulod, ta girmi sinima. Wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt ne ya daidaita haɗinta wajen shekarar 1870, abin da ya sa shi cikin binciken kuwa shi ne neman abin da zai maye gurbin hauren giwa, wanda ake sassaƙa ƙwallayen wasan biliya da shi, ɗan'uwan wasan sunuka. Haure ya yi tsada saboda yawan kisan giwaye. Ke nan ana iya cewa kakar zaren fim ta shigo duniya da sunan ceton dabba. A 1889 kamfanin George Eastman na birnin Rochester ya fara sayar da wannan roba a matsayin dogon zare garai-garai mai naɗewa, shi ne kuma Edison da ma'aikacinsa Dickson suka tsaga zuwa faɗin milimita 35, awon da ya zauna har yau.

To, da me ake yin zaren? Da farko akwai auduga, wadda ake jiƙawa cikin asid mai ƙarfi har ta koma wani abu ɗan'uwan albarushi. Sa'an nan akwai kafur, wanda ke sa ta yi laushi ta tanƙwaru. Kafur ɗin nan a wancan zamani daga itace ake samunsa: a sare bishiyar, a faskara ta ƙanana, a turara, a tara abin da ya daskare. Mafi yawansa daga tsibirin Taiwan yake fitowa. Japan ta karɓe tsibirin a 1895, shekarar da 'yan'uwan nan Lumière suka yi nunin fim na farko na kuɗi a birnin Faris, a 1899 kuma gwamnatin mulkin mallakar Japan ta mayar da cinikin kafur nata ita kaɗai. Masu saran itace suka yi ta kutsawa cikin dazuzzukan duwatsu inda 'yan asalin tsibirin suke zaune, aka yi ta zubar da jini a kan haka. Sai da aka ƙware wajen haɗa kafur a masana'anta kafin dazuzzukan suka samu sa'ida. Mai kallon fim a Landan ko Faris a 1910 ba shi da labarin wannan ko kaɗan.

A kan robar ake shafa abin da ke kama hoto, shi kuwa haɗi ne na gishirin azurfa da wani danƙo, jelatin, da ake dafowa daga ƙasusuwa da ƙiragan shanu. Kamfanin Kodak ya dogara da wannan danƙo har ya mallaki masana'antarsa ta kansa a garin Peabody na jihar Massachusetts daga 1930. Game da azurfa kuwa, shekaru da dama Kodak na cikin manyan masu sayenta a duniya. Darajar azurfar nan ta sa tun da wuri aka koyi tatso ta daga tsofaffin finafinai, abin da a yau za a yaba a kira shi sake sarrafa shara, amma ga tarihi asara ce babba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Faransa sun narkar da ɗaruruwan finafinan Georges Méliès, aka kwashe azurfar, robar kuma aka yi dugadugan takalma da ita.

Gobara

Illar da kowa ya gani da idonsa ita ce wuta. Zaren naitiret, kamar yadda ake kiran wannan zare na farko, yana ɗauke da iskar da wuta ke buƙata a cikin jikinsa, saboda haka in ya kama ba ya jin ruwa, ba ya jin rairayi, ko an dulmiya shi cikin ruwa yana ci gaba da ci, hayaƙinsa kuma guba ne. In ya tsufa ya fara ruɓewa yana iya kamawa da kansa a zafin da bai wuce digiri 40 da 'yan kai ba, zafin da mu a nan muke gani kowace bazara.

Tun sinima tana jaririya ta fara cin rayuka. Ranar 4 ga Mayu 1897, a wata kasuwar sadaka a Faris, fitilar na'urar majigi ta tashi da wuta, mutum 126 suka hallaka, galibinsu mata. A Ingila tsoron irin wannan ne ya haifar da dokar sinima ta 1909, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da lasisi ga gidajen kallo. Abin lura a nan shi ne, wannan iko da aka bayar don kashe gobara shi ne hukumomin suka miƙa har ya kai ga duba abin da fim ya ƙunsa. Watau tace finafinai a can ta samo tushe daga tsoron wuta. A 1937 rumbun kamfanin Fox a Little Ferry, jihar New Jersey, ya ƙone cikin zafin watan Yuli, ya tafi da mafi yawan finafinan kamfanin na zamanin da fim ba ya magana. Wani bincike da Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na wancan zamani sun ɓace ƙurmus, wasu ta gobara, wasu ta ruɓewa, wasu ta narkarwa da gangan.

Mu ma nan wutar ta iso mu, kuma mummunan isowa. Ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951 gidan sinima na El Duniya a Kano ya kama wuta, mutum 331 suka rasu daga cikin 'yan kallo kimanin 600. Binciken da gwamnati ta yi ya tabbatar da cewa zaren naitiret ne ya kama a ɗakin majigi, wutar ta bi rufi. Jama'ar gari sun yi wa abin fassarori iri-iri, da yawa sun ɗauke shi hukunci ne a kan masu zuwa kallon dodon bango, wannan kuwa ya daɗa nisanta sinima daga zukatan dattawa har tsawon shekaru. Abin takaicin shi ne, a lokacin da wannan masifa ta auku an riga an samu magani. Tun 1948 Kodak ya fito da zaren milimita 35 na asitet wanda ba ya tashi da wuta haka, a farkon shekarun 1950 kuma ya daina yin naitiret ɗungurungum. Sai dai tsofaffin kwafe ba su daina yawo ba, kuma ƙasashen da ke ƙarshen layin rarraba finafinai, irin tamu, su ne ke karɓar kwafen da suka gaji. Majigin gwamnati da ke zagaya ƙauyuka da mota bai shiga wannan haɗari sosai ba, domin ya fi aiki da ƙaramin zare na milimita 16, wanda tun fitowarsa a 1923 da asitet ake yinsa.

Zare mai aminci da kogin da ya sha dauɗarsa

Da asitet ya zauna sai hankali ya kwanta, domin gidajen sinima sun daina ƙonewa. Amma fa nan ne ƙaurar da na ambata ta fara bayyana. Ana narkar da asitet ne cikin wani ruwan sinadari mai saurin tashi, metilin kuloraid, kafin a shimfiɗa shi ya bushe ya zama zare, kuma masana'antar Kodak ta Rochester ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi kowa sakin tururin wannan sinadari a Amurka, sinadarin da ake zargi da jawo ciwon daji. Kogin Genesee da ke ratsa birnin ya sha azurfa shekara da shekaru har ta kwanta cikin lakarsa. Bayan da kamfanin ya durƙushe ya nemi kariyar kotu a watan Janairu 2012, cikin sharuɗɗan farfaɗowarsa har da ware dala miliyan 49 don tsabtace filin masana'antar da kogin. Ɗakunan wankin fim su ma suna da tasu: ruwa mai yawa, magungunan fito da hoto da na tsayar da shi, da kuma sinadarin da ake goge ƙurar dodon fim da shi, wanda daga baya aka gane yana cikin masu huda rufin ozon na sararin sama, aka hana shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Bari mu ɗan yi lissafi don a ga girman abin. Zaren milimita 35 yana gudu ƙafa 90 a minti ɗaya, watau kimanin mita 27. Fim na awa biyu ke nan ya ci wajen mita 3,300, kwafi guda kuma da gwangwanayensa ya haura kilo 20. Babban fim na Holiwud a shekarun 2000 yakan fita a allo 3,000 ko fiye a rana ɗaya cikin Amurka kaɗai. In aka jera waɗannan kwafe baki da baki sun kusa kilomita 10,000, kamar a je Legas daga Kano sau goma. Duk sai an buga su, an wanke, an loda a mota da jirgi, bayan 'yan makonni kuma a tattaro a daddatse don kada ɓarayin fasaha su samu. Wannan ɓangare, watau rarrabawa, shi ne inda zuwan lantarki ya yi aikin da ba mai musunsa. A ƙarshen 2013 kamfanin Paramount ya saki The Wolf of Wall Street a gidajen sinimar Amurka ba tare da kwafin zare ko ɗaya ba, a shekarar ce kuma Fuji ya daina yin zaren ɗaukar fim. Abin da a da ke cika mota yanzu ya shiga akwati ɗan mitsitsi ko ya bi waya. Zaren dai bai mutu ba. Kwafin Oppenheimer na 2023 mai faɗin milimita 70 ya kai wajen kilomita 18 da nauyin kilo 270, amma irinsa 'yan ƙalilan aka buga, don marmari.

Haske

Yanzu mu zo ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Kyamara ita kanta ba ta taɓa zama mai cin wuta ba. Ta farko ma da hannu ake murza ta. Mai cin wutar shi ne hasken da zare ke buƙata kafin ya ga abin da ke gabansa. Ana auna ƙarfin ganin zare da wani ma'auni, wanda duk lokacin da lambarsa ta ninka, hasken da ake buƙata ya ragu da rabi. Kyamarar Technicolor mai zare uku ta shekarun 1930 tana tsaga hasken da ya shigo ta rarraba shi, saboda haka ƙarfin ganinta bai wuce 5 ba a wannan ma'auni. Da aka zo ɗaukar The Wizard of Oz na 1939 sai da aka jera manyan fitilun gawayin lantarki har zafin ɗakin yana haura digiri 38, 'yan wasa suna suma cikin kayan wasa. Zaren launi na Eastman na 1950 ya fara da 16, ya kai 100 a 1968, ya kai 500 a ƙarshen shekarun 1980.

Fitilun su ma sun yi ta sauyawa. Ƙwan tangistan, irin wanda muka tashi da shi a gidajenmu, fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi yake zama, saboda haka bayan an biya kuɗin haske sai a sake biyan kuɗin sanyaya ɗaki. Kamfanin Osram na Jamus ya fito da fitilar HMI mai hasken rana, wadda ta yi suna a wasannin Olamfik na Munich a 1972, tana ba da haske ninki uku ko huɗu na tangistan da wuta iri ɗaya. Sa'an nan masanan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano hanyar yin shuɗin ƙwan LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, shi ne kuma ya buɗe ƙofar farin hasken LED. Daga wajen 2015 fitilun LED suka mamaye wuraren ɗaukar fim. Wadda ke cin wat 400 tana iya tsayawa a gurbin tangistan mai wat 2,000 a ayyuka da yawa, ba ta zafi, kuma batir na iya ɗaukarta.

A ɗaya gefen, idon kyamara ya ƙara kaifi. Boyle da Smith na ɗakin binciken Bell sun ƙirƙiro allon lantarki mai kama haske a 1969, wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson kuma ya haɗa kyamarar lantarki ta farko a 1975, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kan kaset. Watau Kodak da hannunsa ya ƙera wuƙar da ta yanka shi. An ɗauki Star Wars kashi na biyu na 2002 da kyamarar Sony, sa'an nan RED ta fito a 2007, Alexa ta kamfanin ARRI ta biyo baya a 2010 da ƙarfin gani 800. Wasu kyamarorin da suka zo daga baya, irin Venice 2 ta Sony, suna aiki tsaf a 3,200, watau sun ninka zaren mai ƙarfin gani 500 fiye da sau shida. Stanley Kubrick ya sha wahala ƙwarai a Barry Lyndon na 1975 kafin ya ɗauki hoto da hasken kyandir, sai da ya nemo gilasan da aka ƙera don binciken sararin samaniya; a yau ɗalibin kwaleji yana iya kwatanta haka da kyamarar da ke shiga jakar hannu. Idan aka haɗa idon da ke buƙatar haske kaɗan da fitilar da ke cin wuta kaɗan, sai a ga babban janareta mai jan tirela ya zama ba dole ba a wurare da yawa.

Inda nauyin ya koma

To, an rage ɗin? Alƙaluman da ke hannu sun nuna ba a rage yadda ya kamata ba. Tun 2006 wani nazari na Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ya sa sana'ar fim da talabijin cikin manyan masu gurɓata iskar yankin, gaba da masana'antar jiragen sama da ta tufafi da otal-otal. A Ingila, hukumar BBC ta ƙirƙiro wata hanyar lissafin hayaƙin shirye-shirye mai suna albert, wadda ƙungiyar BAFTA ta karɓa a 2011. Rahoton da aka fitar a 2020 da haɗin gwiwar albert ya ce babban fim guda yana fitar da tan 2,840 na iskar kabon, kusan rabi daga sufuri, kashi 34 cikin ɗari daga wutar gari da gas, kashi 15 daga janaretocin dizal. Na gamayyar kamfanonin Amurka na 2021 ya ba da tan 3,370, kimanin tan 33 a kowace ranar aiki, man motoci da janareta ne kuma ya ɗauki kusan rabi. Duka waɗannan alƙaluma na zamanin kyamarar lantarki ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma wani masanin tattalin arziki na Ingila, Jevons, ya hango irinsa tun 1865 game da kwal: in abu ya yi arha sai a ƙara cinsa. A zamanin zare darakta yana jin ƙarar kuɗinsa na gudu cikin kyamara, dole ya yi tattali. Apocalypse Now na 1979, wanda aka yi ta ba da labarin almubazzarancinsa, ya ɗauki awa 230 ko kusa da haka. Mad Max: Fury Road na 2015, da kyamarorin lantarki, ya tara wajen awa 480 don fim na awa biyu. Kowace awa daga ciki sai an kwafe ta wuri biyu ko uku, an adana a na'urorin da ba a kashe su dare da rana, ana kuma hura musu sanyi.

Akwai ɓarnar da ba ruwanta da irin kyamara sam. An ɗauki The Beach da zare a gaɓar Maya ta ƙasar Tailan a 1999, aka sa katafila ta baje tudun rairayi aka dasa kwakwar da ba ta wurin ba, shari'a ta yi ta jan ƙafa fiye da shekara ashirin, 'yan yawon buɗe idon da fim ɗin ya jawo kuma suka ƙarasa murjanin teku har aka rufe wurin daga 2018 zuwa farkon 2022. An ɗauki Fury Road da lantarki a hamadar Namibiya a 2012, masu kare muhalli suka yi kukan cewa motoci sun tattake wuraren da ba a taɓa bi ba, ko da yake hukumar fim ta ƙasar ta musanta. A wajena tayar mota da yawan ayari su ne abin tuhuma a duka biyun.

Sa'an nan ga jikin na'urar. Kyamarar zare ƙarfe ce da gilashi. Wadda aka ƙera a 1960 in an shafa mata mai tana aiki yau. Ta lantarki kwamfuta ce, cikin shekara biyar ko bakwai an daina yayinta. Batirinta yana buƙatar litiyam da kobal, kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya kuwa daga Kwango yake fitowa, wani sashe daga ramukan da ake haƙa da hannu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an sarrafa bisa ƙa'ida. Wani kaso na sauran yana sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma da sunan kayan gwanjo. Jujin Agbogbloshie na birnin Akra, inda samari da yawa daga arewacin Gana suka yi ta ƙona waya don fitar da tagulla, an rushe shi a 2021, amma sana'ar ta watsu ne zuwa wasu unguwanni. Ɗan saran kafur na Taiwan ya samu magaji ke nan.

Matsayin fim ɗin Hausa

Mu namu tarihin ya bi wata hanya dabam, kuma ba don kishin muhalli ba. Finafinan Hausa na zare 'yan kaɗan ne, fitacce a cikinsu shi ne Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zare daga waje ake sayo shi, galibi kuma waje ake kai shi wanki. Da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sai wannan hanya ta toshe. Abin da ya tsiro a gurbinta shi ne fim na kaset ɗin bidiyo, wanda Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ya buɗe wa fage a 1990. Saboda haka masana'antar Kano ta tsallake zamanin ɗakin wanki gaba ɗaya. Kogunanmu na Jakara da Challawa sun sha dauɗar majemu da masaƙu, amma ba su sha azurfar fim ba. Sharar da muka tara ta roba ce: kasa-kasan bidiyo, sa'an nan faya-fayan CD masu arha da ledojinsu da aka yi ta sayarwa a Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda in sun karce sai bola ko wuta. Wannan ma ta ja baya da kasuwa ta koma tashoshi irin Arewa24 daga 2014, da kuma YouTube.

Kada mu ɗora wa kanmu laifin da ba namu ba. Mu ƙaddara ƙaramin janareta yana shan lita ɗaya ta fetur a awa, a yi aikin awa 10 kullum har kwana 10. Lita 100 ke nan, kowace lita kuwa tana ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, jimla kilo 230. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da babban fim ɗin Amurka ke fitarwa a yini guda ba. Damuwar mai fim a Kano ta kusa ce: hayaƙin da 'yan wasa ke shaƙa a tsakar gidan da aka ara, ƙarar da ke shiga makirfo ta ɓata magana har sai an ja doguwar waya an kai injin bayan katanga, da kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayu 2023. A nan kyamara mai gani da ƙaramin haske, da fitilun LED uku ko huɗu, da batirin da aka cika da faifan sola, suna biyan buƙatar aljihu da ta sauti da ta huhu a lokaci guda. Rana kuwa ba mu rasa ta ba. Abin da ya rage shi ne a koya wa masu ɗaukar hoto sarrafa ta da allon mayar da haske da farin ƙyalle, a kuma tsara jadawalin aiki bisa tafiyarta, maimakon a rufe taga da bargo a kunna fitila da tsakar rana. Wannan darasi ne da kwalejojinmu za su iya koyarwa ba tare da sayen wata na'ura mai tsada ba.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ajiya. Cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta lissafa a 2007 cewa adana babban kwafin fim na lantarki yana cin dala 12,514 a shekara, alhali na zare dala 1,059 ne, domin zare sanyi da bushewa kawai yake so, shi kuwa na lantarki sai an riƙa kwashe shi daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa duk bayan 'yan shekaru, kowace kwasa kuma da wutarta da shararta. Asitet ma yana da ciwonsa, yakan yi tsami ya yanƙwane a ƙasa mai zafi da laima. Duk da haka, a 2016 an gano gwangwanayen Shaihu Umar cikin ƙura a tsohon ginin sashen fim na mulkin mallaka a Legas, bayan an daɗe da fid da rai, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018, shekara 42 bayan yinsa. Kasa-kasan bidiyon Kano na shekarun 1990 ba su da irin wannan juriya, domin maganaɗisun da ke jikin zarensu yana sanyi, na'urorin kunna su kuma an daina ƙera su tun 2016. Duk wanda zai cece su dole ya mayar da su na lantarki, ya kuma tanadi wutar da za ta riƙe su shekara bayan shekara, a garin da wutar ke zuwa da tafiya.